Muhawara a zaure: me ya sa Aflatun ya ce a sallami mawaƙa daga gari?

Rukayya Ɗaliba:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu na adabi. An ce mana Plato, wanda masu karatun Larabci suka sani da Aflatun, ya tsara yadda gari mai adalci zai kasance, sai ya ce ba za a bar mawaƙa su zauna a cikinsa ba. Abin ya ɗaure min kai. Ba Girkawan nan ba ne ake ta yi mana kuri da su a kan waƙa da wasan kwaikwayo? Ya aka yi babban masaninsu ya juya wa mawaƙa baya? Hassada ce ko me?

Sha'irin Zango:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Hassada ce tsagwaronta. An ma ruwaito cewa shi kansa da waƙa ya fara yana saurayi, da ya haɗu da Sokratis, masanin falsafar da ya zama malaminsa, sai ya cinna wa rubuce-rubucensa wuta. Wanda abu ya gagara ai shi ya fi kowa iya kushe shi.

Malam Ɗanlami:
Sha'iri, a bi a sannu. Duk wanda ya karanta Aflatun ya san sarrafa harshe bai gagare shi ba, zubensa ya fi waƙar mutane da yawa daɗi.

Rukayya, kafin ki gane fushinsa sai kin fara sanin kujerar da mawaƙi yake kai a wancan zamani. Girkawa suna da ɗakunan bauta, suna da masu hidimar gumaka, suna yanka, suna zuwa Delfi neman a duba musu. Abin da ba su da shi shi ne saukakken littafi da za a buɗe a ce ga abin da addini ya ce. To wa zai gaya wa yaro su wane ne alloli, wa ya haifi wa, me suke so, me ke fusata su? Mawaƙa. Herodotus, mai rubuta tarihinsu, ya faɗa ƙarara cewa Homa da Hesiyod ne suka tsara wa Girkawa asalin allolinsu, suka ba su laƙabi, suka raba musu ayyuka, suka siffanta kamanninsu. A lissafinsa mutanen biyu sun riga shi da shekara 400.

Kuma da waƙoƙin nan ake karantar da yara. Cikin waƙoƙin Homa biyu, Iliyad ta haura baiti 15,000, Odisi kuma wajen 12,000. Zenofon ya kawo labarin wani Nikeratus, ɗan babban kwamandan yaƙi Nikiyas, yana alfahari a wajen wata walima cewa mahaifinsa ya sa shi haddace su duka biyun don ya zama mutumin kirki. Kin ga manufar ke nan, ba don nishaɗi ba. Saboda haka idan Aflatun ya taso wa Homa, littafin tarbiyya da littafin aƙidar ƙasarsa ya taso wa a lokaci guda.

Ɗan Maraɗi:
Baiti 27,000 da ka? Wannan gwani ne.

Malam Ɗanlami:
A wajen walimar ma sai da wani ya tsinka shi. Ya ce ai masu yawon rera Homa a kasuwanni su ma sun haddace, kuma ko ka san wata ƙabila da ta fi su wauta? Ka ga tun a lokacin ana tambayar ko hadda kaɗai tana gyara hali.

Rukayya Ɗaliba:
Allah ya gafarta Malam, na fara ganin haske. Amma mene ne a cikin waƙoƙin da ya yi muni haka?

Malam Ɗanlami:
Bari in ɗan tsakuro miki. A wajen Hesiyod, Kuronos ya dandaƙe mahaifinsa da lauje, ya riƙa haɗiye 'ya'yan cikinsa don kada su ƙwace masa mulki, shi ma daga baya ɗansa Ziyus ya tumɓuke shi. A Iliyad, Ziyus ya aika wa Agamemnon mafarkin ƙarya don ya tura shi yaƙin da za a yi masa ɓarna. Hera ta yi kwalliya ta yaudari mijinta Ziyus har barci ya kwashe shi, don a samu damar taimakon ɓangaren da take so. A Odisi kuwa, Afrodit matar aure ce, mijinta ya ɗana raga ya kama ta da Aris a kan gado, ya kira alloli su zo su gani. Mazan suka zo suka yi ta ƙyaƙyata dariya, matan kunya ta hana su fitowa.

Kuma ba Aflatun ne ya fara ƙorafi ba. Zenofanis mutumin Kolofon, wanda aka haifa wajen shekara ta 570 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, ya ce Homa da Hesiyod sun jingina wa alloli duk abin da yake abin kunya ne a tsakanin mutane: sata, zina, da yaudarar juna. Ya ƙara da cewa da shanu da dawakai da zakuna suna da hannun zane, da doki ya zana abin bautarsa da siffar doki, sa ya zana nasa da siffar sa. Heraklitus na Afisa ya fi shi zafi, cewa ya yi Homa ya cancanci a fitar da shi daga filin gasa a zane shi da sanda.

Ustaz Auwalu:
Masha Allah. Malam, wannan Zenofanis ɗin ai kamar ya shaƙi ƙamshin tauhidi. Maganar dawakan nan hujja ce mai ƙarfi a kan masu bautar gumaka.

Malam Ɗanlami:
Ustaz, ya kusanto, amma kada mu sa masa rigar da bai ɗinka ba. Abin da ya rage na maganarsa cewa yake akwai abin bauta ɗaya, mafi girma a cikin alloli da mutane, wanda bai yi kama da mutum a jiki ko a tunani ba. Ka lura, "a cikin alloli" ya ce. Masana har yau suna ja a kan ko ya kore sauran ne ko ya fifita ɗaya kawai.

Sha'irin Zango:
Malam bai faɗi abin da ya fi min daɗi ba. Shi Zenofanis ɗin da me ya soki mawaƙa? Da waƙa! Baiti ya tsara, yana yawo gari gari yana rerawa. Ashe ko mai zagin waƙa ya san in yana so maganarsa ta zauna a kan mutane sai ya ɗora ta a kan kari.

Sannan an tsinto munanan wurare an jera mana, an bar kyawawan. Wa ya koya wa Girkawa cewa zalunci ba ya ɗorewa? Hesiyod ɗin nan ne. Ɗan'uwansa Fersis ya cinye masa gado da taimakon manyan gari, shi kuwa ya kira su sarakuna masu haɗiyar toshiya, ya gargaɗe su cewa Ziyus yana da masu tsaro 30,000 da ba a gani, suna zaga ƙasa suna lura da hukuncin da ake yankewa. A farkon Odisi Ziyus da kansa yake mita cewa mutane suna ɗora wa alloli laifi alhali wautarsu ce take jawo musu wahala fiye da abin da aka rubuta musu.

Ku kuma je ƙarshen Iliyad. Akilis ya kashe Hekta, ya ɗaure gawarsa a keken doki yana ja. Tsohon sarki Piriyam, uban mamacin, ya shigo sansanin abokan gaba da dare, ya durƙusa ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, ya ce ka tuna da naka uban. Su biyun suka zauna suna kuka, kowa da wanda yake yi wa. Akilis ya sa a wanke gawar, ya mayar masa, ya ba shi abinci. Ku gaya min wane littafin falsafa ne ya taɓa koya wa jarumi tausayin maƙiyinsa kamar wannan wuri?

Maman Hanifa:
Sha'iri, ka yi magana mai daɗi, amma ni uwa ce, kuma ina tare da Aflatun ko da kowa zai watse. Kai babba ne, ka karanta littafin har ƙarshe ka ga sulhun. Yaro ɗan shekara bakwai jan gawar zai riƙe, ba wankan ba. Wanda bai yi raino ba ba zai gane ba. Abin da ya fara shiga kan yaro shi yake zama.

Malam Ɗanlami:
Hajiya, kin faɗi maganarsa kusan daidai. A littafinsa na Jamhuriya, kashi na 2, ba da manyan mawaƙa ya fara ba, da iyaye mata da masu raino ya fara, da irin labaran da suke ba yara. Hujjarsa ita ce zuciyar yaro ɗanya ce, duk tambarin da aka buga mata zai kama. Sai ya gindaya sharaɗi biyu a kan duk mai maganar abin bauta. Na farko, abin bauta nagari ne, ba ya zama sanadin sharri. Na biyu, ba ya rikiɗa kuma ba ya ƙarya. Da sharaɗin farko ya soke wani baiti da yake daidai a cikin wurin da Sha'iri ya yaba, inda Akilis yake gaya wa Piriyam cewa a ƙofar Ziyus akwai tuluna biyu, na alheri da na sharri, yana ɗiba yana raba wa mutane.

Kuma kada a ɗauka tsoron banza yake yi. A wani ɗan littafin nasa ya kawo wani mutum, Yutifro, da ya kai mahaifinsa ƙara kotu da tuhumar kisa, saboda wani ɗan ƙodago da uban ya ɗaure ya jefa a rami har ya mutu. Dangi suka ce wannan rashin ɗa'a ne. Hujjarsa? Ai Ziyus, wanda kowa ya yarda shi ne mafi adalci, ya ɗaure nasa uban. Aristofanis ma, mai wasan barkwanci, ya yi ba'a da wannan a wasansa na Gizagizai, inda ake koya wa saurayi cewa in an kama ka da matar wani ka ce Ziyus ma bai iya daurewa ba, balle kai ɗan Adam.

Ɗan Maraɗi:
Wato Aflatun ne shugaban farko na hukumar tace finafinai. 😂

Baban Sadik, shugaban zaure:
Ɗan Maraɗi, mun yi dariya, amma a tsaya a Girka. In aka shigo da maganar Kano yanzu, ba za a sake jin Homa a nan ba sai jibi.

Ustaz Auwalu:
Da izinin shugaba, abu ɗaya zan ƙara, don kada ɗalibarmu ta ɗauka wannan damuwa ta Girkawa ce su kaɗai. A ƙarshen Suratush Shu'ara'i, daga aya ta 224 zuwa ta 227, an siffanta mawaƙa da cewa ɓatattu ne ke bin su, suna ɗimuwa a kowane kwari, suna faɗin abin da ba sa aikatawa. Sai aka togace waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah, suka rama bayan an zalunce su. Ga Hassanu ɗan Sabit yana kare Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da waƙa. Ga hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa lalle daga cikin waƙa akwai hikima. To shi Aflatun ya yi togaciya, ko kuwa kudin goro ya yi musu?

Malam Ɗanlami:
Ya yi, Ustaz. A kashi na 10 ya ce iri biyu kawai za a bari: waƙoƙin yabon alloli da na yabon mutanen kirki. Shi kuwa mawaƙin da ya iya kwaikwayon komai, muryar mace, ta bawa, ta mahaukaci, ta mai maye, a kashi na 3 ya ce in ya zo garin za a girmama shi a matsayin mutum mai ban mamaki, a zuba masa turare a ka, a ɗaura masa ƙyallen ulu, sannan a raka shi wani garin. Sallama ce ta mutunci, amma sallama ce.

Sai dai akwai bambanci da abin da ka kawo. A wajenmu akwai wahayi a sama, da shi ake auna waƙa, mawaƙi bai taɓa zama tushen aƙida ba. A wajensu ma'aunin ne babu, shi ya sa faɗan ya yi tsanani. Aflatun so yake ya karɓe kujerar daga hannun mawaƙi ya ba masanin falsafa. Shi da bakinsa ya ce tsakanin falsafa da waƙa akwai tsohuwar gaba.

Sha'irin Zango:
Yauwa, nan nake jira. Yabon mutanen kirki. Wa zai ce wane ne mutumin kirki? Masu mulkin garin. Wato mawaƙin da zai rage shi ne wanda zai yabi wanda aka ce ya yaba. Hesiyod da ya kira alƙalai masu cin toshiya ba zai kwana a wannan gari ba.

Kuma Malam, don Allah gaya wa Hajiya sauran. A cikin littafin nan dai, ba shi ne ya halatta wa masu mulki yin ƙarya don amfanin gari ba? Ba shi ne ya ƙago tatsuniyar cewa an cuɗa wasu mutane da zinariya, wasu da azurfa, wasu da ƙarfe da tagulla, don kowa ya haƙura da matsayinsa ba? Ashe ba ƙarya yake ƙi ba. So yake ta zama a hannun hukuma ita kaɗai.

Malam Ɗanlami:
Wannan gaskiya ne, yana kashi na 3, kuma ita ce suka mafi nauyi da ake yi masa har yau. Ba ni da abin kare shi a nan.

Maman Hanifa:
Ni ina da shi. Laifin tatsuniyar zinariya daban, gaskiyar maganarsa a kan yara daban. Mutum yana iya ɓata a wuri ɗaya ya dace a wani.

Rukayya Ɗaliba:
Malam, su mawaƙan ba su ce komai ba? Suna ganin kansu a matsayin masu faɗin gaskiya ne?

Malam Ɗanlami:
Nan ne abin ya yi armashi. Suna cewa ba da bakinsu suke magana ba, allolin waƙa ne, mata tara 'ya'yan Ziyus, suke sa musu magana. Hesiyod ya ce yana kiwon tumaki a gindin dutsen Helikon suka same shi, suka ba shi sanda, suka hura masa murya. Amma ji abin da suka fara gaya masa: mun iya faɗin ƙarairayi masu yawa da suka yi kama da gaskiya, in mun ga dama kuma mun iya faɗin gaskiya. Kin ga tun daga tushe an bar ƙofa a buɗe. Har karin magana suke da shi cewa mawaƙa suna yawan ƙarya.

Wasu a cikinsu da kansu suka fara gyara. Pindar, a waƙar da ya yi wa sarkin Sirakus bayan nasararsa a gasar Olimpiya ta shekarar 476 kafin haihuwar Annabi Isa, ya zo kan labarin da ake cewa an dafa yaro Felofs an kai wa alloli har ɗaya ta ci kafaɗarsa. Sai ya ce shi kam ba zai kira abin bauta mai cin mutum ba, maƙwabta masu hassada ne suka ƙago zancen, ya kawo nasa labarin.

Amma wurin da za ki fi jin yadda talakan Atens yake kallon abin shi ne wasan Kwaɗi na Aristofanis, na shekarar 405. Gari yana dab da faɗuwa a yaƙinsa da Sparta, manyan marubuta wasan tausayi sun mutu, sai Diyonisus, abin bautarsu na wasan kwaikwayo, ya sauka lahira ya dawo da ɗaya. Aka haɗa Eskilus da Yurifidis gasa. Eskilus ya tambaya, don me ake girmama mawaƙi? Yurifidis ya ce don gwaninta da nasiha, da kuma gyara mutanen gari. Eskilus ya ce to kai ka cika dandali da mata irin su Fedra mai son ɗan mijinta. Yurifidis ya ce ƙarya na yi, labarin ba haka yake ba? Eskilus ya ce haka yake, amma aikin mawaƙi ya rufe mummunan abu, domin yara suna da malami, manya kuwa mawaƙa ne malamansu. Eskilus aka ɗauko. Ki lura, duka biyun sun yarda mawaƙi malami ne, a kan me za a koyar kawai suka saɓa.

Maman Hanifa:
Allah ya ji ƙan maza, in ji masu iya magana. Eskilus ɗin nan mutumina ne. Ba duk gaskiya ake shanyawa a tsakar gida ba.

Sha'irin Zango:
Hajiya, in aka rufe, ta daina faruwa ne? Yurifidis bai ce a yi koyi da Fedra ba, nuna wa mutane ya yi yadda sha'awa take rusa gida.

Kuma akwai mafita da Girkawan da kansu suka samo: tawili. Tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa wani Teyajinis mutumin Rejiyum ya ce faɗan da alloli suke yi a Iliyad ba faɗan gaske ba ne, Afolo wuta ne, Fosaidon ruwa ne, Hera iska ce, karon halittu ake nufi.

Malam Ɗanlami:
Aflatun ya san da wannan, ya kuma amsa da layi ɗaya: yaro ba ya bambance mai ɓoyayyar ma'ana da marar ita.

Amma bari in kai ku inda ya fi zurfi, domin maganar yara ba ita ce babbar tuhumarsa ba. Babbar ita ce waƙa tana ɓata har mutanen kirki, manya. Ya ce dubi mutum mai dattako, in ɗansa ya mutu zai daure a gaban jama'a, yana ganin kururuwa abin kunya ne. Amma ya je dandali ya ga jarumi yana birgima yana dukan ƙirji, sai ya saki jiki ya yi ta hawaye, har ya yabi wanda ya fi sa shi kuka. Yana ganin ai baƙin cikin wani ne, ba nawa ba. Aflatun ya ce a'a, ɓangaren zuciyarka da ya kamata ya bushe kake yi wa ban ruwa, ranar da taka ta zo ba za ka iya riƙe shi ba.

Mutanen Atens sun san ƙarfin wannan abu. Bayan Farisawa sun rusa Militus a shekarar 494, Firinikus ya yi wasa a kan faɗuwar garin. Herodotus ya ce dandali gaba ɗaya ya ɓarke da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000 saboda ya tuna musu da masifarsu, aka hana sake nuna wasan.

Sai kuma maganar ilimi. A ɗan littafinsa mai suna Iyon, Sokratis ya tare wani gwanin rera Homa da ya ciwo gasa. Ya ce masa abin da kake yi ba sani ba ne, kamu ne, kamar yadda maganaɗisu yake kama zobe, zoben ya kama wani, har a yi sarƙa: allolin waƙa, mawaƙi, mai rerawa, mai sauraro. Shi kuwa Iyon ya tona wa kansa asiri, ya ce ina kan dandamali ina leƙen fuskokinsu, in na sa su kuka ni zan yi dariya wajen karɓar kuɗi, in suka yi dariya ni zan yi kuka.

Sha'irin Zango:
Wannan Iyon ɗin Aflatun ne ya rubuta masa amsoshinsa. Ka ba ni alƙalami in rubuta wa Sokratis nasa mu gani.

Rukayya Ɗaliba:
Yaya Sha'iri, ashe dai ba hassada ba ce kamar yadda ka ce da farko.

Sha'irin Zango:
To in ba hassada ba ce, gaba ce. Malam zai gaya miki. Wasan Gizagizai na shekarar 423 shi ya mai da Sokratis abin dariya, mai koya wa samari raina iyaye da alloli. A shekarar 399 aka yanke masa hukuncin kisa, kuma Meletus, wanda ya shigar da ƙarar, a madadin mawaƙa ya fusata, in ji Sokratis ɗin. Wanda aka kashe wa malami ba zai yi wa 'yan wannan sana'a adalci ba.

Malam Ɗanlami:
Haka tarihin yake. Sai dai ana iya juya shi: wanda ya ga wasan barkwanci ya taimaka wajen kai malaminsa kabari yana da dalilin tsoron waƙa fiye da ni da kai. Kuma bai ɓoye ƙaunarsa ba. Ya sa Sokratis ya ce tun yarinta yake son Homa yana jin nauyinsa, amma ba a fifita mutum a kan gaskiya.

Wanda ya amsa masa da gaske ɗalibinsa ne, Aristotal, da ya yi shekara 20 a makarantarsa. Ya ce kwaikwayo ɗabi'ar ɗan Adam ce, da shi yaro yake fara koyo. Ya ce waƙa ta fi tarihi kusa da falsafa, domin tarihi yana faɗin abin da wane ya yi, waƙa kuwa tana nuna abin da mutum irin wannan zai iya yi. A kan kukan kuma ya ce wasan tausayi yana tayar da tausayi da tsoro ne don ya wanke zuciya daga gare su. Bai tsaya ya yi dogon bayanin yadda wankin yake ba, masana sun cika littattafai a kai. Maganar alloli kuwa da sauƙi ya ɗauke ta, ya ce ko da Zenofanis ya yi gaskiya, haka dai mutane suke ba da labarin, kuma ma'aunin waƙa daban yake da ma'aunin siyasa.

Maman Hanifa:
Shi ke nan, shi a bar komai a buɗe?

Malam Ɗanlami:
A'a Hajiya, a nan ya dawo wajenki. A littafinsa na Siyasa ya ce kada a bar yara su kalli wasan barkwanci sai sun kai shekarun zama a teburin manya.

Wanda ya zauna ya yi aikin malamin makaranta a kan matsalar shi ne Pulutak, bayan haihuwar Annabi Isa, a ƙarni na farko zuwa na biyu, kuma shi kansa mai hidima ne a ɗakin bauta na Delfi. Ya rubuta yadda saurayi zai saurari waƙa. Ya ce ba za mu toshe wa yara kunne da kakin zuma ba kamar yadda Odisiyus, jarumin Odisi, ya yi wa matuƙansa don kada su ji waƙar aljanun teku mai halaka matafiya, ɗaure su za mu yi da hankali su ji su wuce. A fara gaya wa yaro cewa mawaƙa suna ƙarya. A nuna masa cewa iya siffanta mugu ba yabon mugunta ba ne. A nuna masa inda mawaƙin da kansa ya yi alamar bai yarda da abin ba. In baiti ya karkace, a kawo masa wani baitin na mawaƙin nan da ya warware shi.

Maman Hanifa:
Shawara mai kyau ga ɗan gidan masu hali, wanda yake da malami zaune kusa da shi yana cewa wannan ka ɗauka, wannan ka bari. Dubban da suke cika dandalin Diyonisus fa, wa yake zaune kusa da su? Aflatun gari ɗungurungum yake tunani, Pulutak ɗan abokinsa yake tunani.

Ustaz Auwalu:
Wallahi Hajiya ta kama bakin zaren. Ni ma a nan na tsaya.

Sha'irin Zango:
To sai a ƙara malamai, ba a rage mawaƙa ba. Garin Aflatun dai ba a taɓa gina shi ba, Homa kuwa ga mu muna cacar baki a kansa da Hausa.

Malam Ɗanlami:
Sha'iri, bai rufe maka ƙofa ba ma. A ƙarshen maganar ya ce in waƙa za ta iya kare kanta, ta zo ta yi, ko da a cikin baiti ne, masoyanta da ba mawaƙa ba su kuma su kare ta a zube. Sharaɗin kawai a nuna cewa ba daɗi kaɗai gare ta ba, tana da amfani ga mulkin gari da rayuwar mutum. In an nuna, ya ce da murna za a karɓe ta.

Rukayya, ki fara da Iyon, gajere ne, zama ɗaya za ki gama. Sannan kashi na 2, na 3 da na 10 na Jamhuriya.

Sha'irin Zango:
A'a ƙanwata, ki fara da kashi na 24 na Iliyad, ki ji wanda ake ƙara kafin ki ji mai ƙara. Ni kuma na karɓi gayyatar. Tawa kariyar da baiti za ta zo, ku saurare ni bayan isha'i.

Maman Hanifa:
Ka fara turo min ta gefe in duba. Akwai yara a zauren nan.